Janar Ya Ce Kada a Taɓa Fad

Ranar da Oga Simon ya goge 200 a ƙofar shagon gem ɗinsa ya rubuta 500, saura kaɗan Kafanchan ta kama da wuta. Wai sabon gem ɗin ƙwallo na bana ya yi tsada, kuma ba ubansa ne ke ƙera shi ba.

Azariya abin ya fi ci wa rai. Wata takwas sunansa na saman allon zakarun shagon. Dokar allon kuwa ɗaya ce: ka yi kwana bakwai ba ka taɓa fad ɗin buga gem ba, a goge ka.

A gida ko tuwo ya kasa ci. Mamansa Paulina na gefe, ƙanwarsa Milka na koya mata WhatsApp a sabon layi, wai saboda zumuntar mata ta ranar Alhamis.

"Ɗari biyar? Allah ya ƙara," in ji Mama. "Citta ya isa haƙa a gona, kai kana kuka a kan ƙwallon talabijin."

Washegari wata baƙuwar lamba ta faɗo gurup ɗin 'yan gem. Suna: Janar.

"Yajin aiki! Kwana bakwai kada kowa ya taɓa fad. Simon zai durƙusa."

Kai, gurup ya ɗau zafi! Nan take Janar ya naɗa Azariya mataimaki. Azariya ya tuna allo, amma ai mataimaki ba ya karya yaji. Shi Janar ɗin dai bai taɓa turo murya ba, Alhamis da yamma kuma ɗif kake jin sa, amma in ya yi rubutu sai ka rantse wa'azi ne.

Kwana biyu, hannuwan samari suka fara ƙaiƙayi. Har an kama ɗaya daga cikinsu, Kaleb, yana leƙen tagar shago. Sai Janar ya kawo dabara: "Hannun da ba aiki, na Shaiɗan ne. Ku riƙa barin gari tun safe. Wa ke da gona?"

Azariya, don a san da shi, ya rubuta: "Mu muna da shi!"

Samari goma sha ɗaya, kwana biyar cur, suna haƙar citta suna zagin Simon. Mama na kawo musu kunu da gwate. "Sannunku, 'yan gwagwarmaya."

Rana ta takwas suka dira shago ƙirji a gaba. 500 na nan daram, shago maƙil da mutane. A saman allo kuwa, inda Azariya yake, an rubuta Jamiluddeen.

Ya dawo gida yana huci, ya tsallake buhunan citta a tsakar gida, ya danna lambar Janar. Yau sai ya ji muryar munafukin nan.

Sai waya ta fara kuka a cikin zanin Mama. Ta ciro ta a hankali, ta kara a kunne tana kallon sa.

"Halo, mataimaki. Saura yanka da shanya."