Ɗinkin da Ba Nasa Ba

Tun ranar da likita ya ce masa ciwon daji ne, tela bai gaya wa kowa ba. Ramar da yake yi ce kaɗai ke neman tona masa asiri. Duk rigar da ta fara yi masa yawa, sai ya kai ta shago a ɓoye ya rage mata faɗi, don kada matarsa ta lura. Hawan jininta ya fi mutuwarsa ba shi tsoro.

Ran nan ya juya shuɗiyar rigarsa zai farke, sai hannunsa ya tsaya. An riga an rage ta. Ɗinkin hannu ne, karkatacce kamar layin tururuwa.

Ya koma gida. Ya tarar da matarsa zaune, yatsanta ɗaure da tsumma.

"Uwar yara, wa ya taɓa rigar nan?"

Ba ta ɗago ba. "Ka manta da ita ne, maigida, na ji tsoron yara su gane. Ɗinkin ya yi muni ko?"

Ya zauna kusa da ita.

"Muni ƙwarai. Kawo allurar in nuna miki."