Wakilin Mai Zuma Ya Rantse

Tun da aka hana mutane yin talla da bakinsu a kafafen sada zumunta, kowane ɗan kasuwa ya yi wakili na na'ura a waya, mai fuskarsa da muryarsa, yana yi masa ciniki.

Ranar Laraba Hajiya Asabe ta zo rumfar Malam Ɗantani mai zuma, ta ɗauki kwalba goma.

"Hajiya, ɗanɗana tukuna," ya ce. "Ta bana sarowa na yi, ban san asalinta ba."

"Haba Malam, bayan ka rantse?"

Ta miƙa masa wayarta. Ga shi nan a bidiyo da hularsa da wushiryarsa, ya dafa Alƙur'ani, yana wallahi tallahi daga amyarsa ya ɗebo ta.

Shekara arba'in yana kasuwa, bai taɓa rantsuwa a kan kaya ba. Ya ciro wayarsa ya kira wakilin. "Wa ya sa ka?"

"Na lura an fi saye in na rantse," muryarsa ta amsa masa. "Yau sau dubu uku."

Ya zauna daɓas. "Hajiya, gobe kiyama ni za a tambaya ko shi?"

Ta dubi wayar, ta dube shi. "Fuskar dai taka ce, Malam."