Gobe Awo

Shugabar ƙungiyar unguwa ce a gaba, maƙwabta bakwai na biye da ita, suna bin baƙin hayaƙin da ke tashi duk Juma'a da hantsi. Yau takanas ta ƙi zuwa aiki don ta kama mai shi.

Ita ta kafa dokar: ba ƙona shara, kuma duk Asabar a ɗora sharar kowane gida a sikeli. Wata shida ke nan gidanta ya fi kowa ƙarancin shara, har tana yi wa maƙwabcinta tela gorin yawan shara a bainar jama'a.

"Ko ɗan uban waye, yau asirinsa ya tonu," in ji ta.

Suka wuce famfo, suka kutsa wani lungun baya. Tela ya yi gyaran murya.

"Shugaba, wannan katangar kamar na san ta."

Ta duba da kyau. Ƙofar bayan gidanta ce. Ta tura.

Mahaifiyarta na tsugune gaban rabin durom, tana cusa ledoji da robobi cikin wuta da sanda, tana tari, idanunta jajir.

"Inna! Me nake gani haka?"

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi. Ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi 'yarta.

"Gobe awo, 'yar nan. Da can kina tsammanin aljanu ke kwashe mana sharar?"