Sappo e Jowi

Ina aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu, can gefen Rabah. Ni kaɗai ce Bafulatana, Hausa ba ta zauna a bakina ba. Malam ya tambaya, bakwai da takwas nawa? Na sani, don ni ke ƙirga maruƙanmu. Na miƙe na ce, "Sappo e jowi."

Ya ƙura mini ido. "Mi kic ce? Zagina kike da yarenku?" Ya sa ni durƙuso har aka tashi.

Da Baffa, mahaifina, ya zo ɗaukata, na gaya masa. Ya ƙirga da yatsunsa. "Goma sha biyar. Daidai ne." Ya daɗe yana kallon ƙofar ajin.

Ƙannena huɗu, bai sa ko ɗaya boko ba. Bara ya rasu. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.