Girkin Ummu Fahad

Injiniya Lurwanu ya ture farantin da bayan hannu, kamar mai korar ƙuda.

"Wannan kuma mene ne, Sailuba? Faten asibiti?"

"Jarish ne, Baban Nuru," in ji matarsa. "Kai ka ce kana so."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke da aka haifa a Tudun Wadar Zariya, ina kika san jarish? Ɗauke abinki. Gobe Alhamis, zan je in ci na gaske."

Ta ɗauke farantin.

Shekarunsa kaɗan a Riyad, amma Lurwanu ya riga ya fi Larabawa zama Balarabe. Ya sayi jan rawaninsu yana ɗora shi a karkace, ya daina cewa "to" ya koma "ɗayyib". Abin da ya ƙarasa shi kuwa shi ne haɗuwarsa da Dawuda, wani mutumin Damagaram mai tsohuwar motar Jims, wanda duk Alhamis yake kwasar baƙin ma'aikata ya kai su yawon buɗe ido a wasu koguna cikin duwatsun Tuwaik.

Ramuka ne a jikin dutse, rufinsu baƙi da tsohon hayaƙi. Dawuda ya ce ƙauye ne guda na mutanen da. Wannan makon sai ya ce shekararsa dubu, mako na gaba ta koma dubu uku, gwargwadon yawan fasinja. Lurwanu bai taɓa jin bambancin ba, don shi ma yana can gefe yana yi wa 'yan Filifin nasa bayanin.

Amma abincin ne ya kama shi. In rana ta take, sai Dawuda ya shimfiɗa darduma a bakin kogo, ya sauko da tukwane daga bayan mota ya ɗumama: jarish na ɓarzajjen alkama da soyayyiyar albasa a kai, da margug, wato falle-fallen ƙullun alkama mai romo. Girkin Ummu Fahad ne, in ji shi, tsohuwa ta ƙarshe da aka haifa a cikin kogunan, wadda namiji bai taɓa ganin ko farcenta ba.

Lurwanu yakan kai loma ya lumshe ido. Ya rantse yana jin hayaƙin sahara a harshensa, yana jin tarihi yana gangara masa maƙogwaro.

Bai taɓa zuwa da Sailuba ba. A cewarsa tarihi ya fi ƙarfin kan mata. Ta ji da karatun matan da take zuwa unguwar Manfuha duk Laraba, inda take dawowa a gajiye, abayarta na tashin albasa. Ya sha faɗa mata cewa karatun da ake yi kusa da tukunya, gulma ce da alƙalami.

Sai shekarar 1986 ta zo, farashin mai ya faɗi, kamfani ya fara sallamar mutane. Duk wanda mudir, wato shugaban kamfanin, bai yi wa murmushi ba, sai a buga masa bizar fita. Mudir ɗin kuwa dattijo ne ɗan Najadu, wanda kullum yake kukan cewa tun rasuwar mahaifiyarsa bai sake cin jarish na kirki ba.

Lurwanu bai yi shawara da kowa ba ya gayyace shi gidansa na Ulaisha ranar Litinin, ya yi masa alkawarin girkin kogo.

Dawuda ya ce ba zai yiwu ba, tsohuwar ba ta shiga gidan kowa. Lurwanu ya lallaɓa, ya roƙa, har ya kira shi "ɗan'uwana", abin da bai taɓa yi ba. Da ya ga ba ci, sai ya tuna masa a hankali cewa ikamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta mai gadi ce, kuma da wuya kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardar, ya san da zancen motar Jims.

Dawuda ya dube shi. "Injiniya, da ka bar maganar nan."

"Ka kai ni."

Ranar Laraba da la'asar suka kutsa cikin lungunan Manfuha. Ashe tsohuwar ta baro dutse ta dawo gari, in ji Lurwanu a ransa, zamani bai bar kowa ba. Tun daga matakala ƙamshin ya tare shi, ƙamshin nan dai na bakin kogo. Har idonsa ya kawo ruwa.

Aka zaunar da shi gaban wani labule mai kauri. A bayansa ana ta tuƙa tukunya. Ya gyara rawani, ya durƙusa, ya tattaro duk Larabcin da ya mallaka. Da ya ƙare masa tun a gaisuwa, sai ya koma Hausa, ya ce Dawuda ya fassara.

Ya ce a faɗa wa uwar sahara hannunta mai albarka ne, kuma aikinsa da zaman iyalinsa a ƙasar nan suna cikin tukunyarta. Ta taimaka ta zo ranar Litinin. In da hali kuma ta ɗan koya wa matarsa, baiwar Allah da ko ruwan zafi ta dafa sai ya kama. Amma kada ta damu, zai hana ta taɓa komai.

Dawuda bai fassara ko kalma ɗaya ba. Yatsun ƙafarsa kawai yake ƙirgawa da ido.

Tuƙin ya tsaya. Aka ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya, aka ajiye. Sannan murya ta fito daga bayan labule, cikin tatacciyar Hausar Zariya:

"To Baban Nuru, in ka hana ni taɓa komai ranar Litinin, wa zai yi wa mudir ɗin naka faten asibitin?"