Rumfar Bas a Ƙofar Auta

Ranar da ma'aikata suka zo da fenti, Dogo ya share ƙofar kantinsa, har ruwa ya yayyafa. Motarsu ta zo ta wuce shi. Ta gangara can ƙasa, ta tsallaka titi, ta tsaya daidai ƙofar Auta.

Auta ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne ya koya masa awo da ƙulla leda. Da yaron ya ji ƙarfi sai ya buɗe nasa kantin a wancan hannun titin. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Kantin Dogo yana bakin ƙofar gidajen nan masu sauƙin haya. Titin gabansu babba ne, motoci ba sa saurara wa kowa, sai ɗan dakali a tsakiya da mutum zai raɓe. Shi ya sa da aka ce an samo tallafi, za a yi hanyar masu ƙafa da wurin tsallakawa da rumfar jiran bas, Dogo bai yi ko shakka ba. Rumfa ɗaya kuɗin zai yi. Ina za a kai ta in ba ƙofar gidajen ba? Kuma wanda ya zauna jiran bas, ko burodi ne sai ya saya. Har wata kantar jera kaya ya sa aka ƙara masa a kantin.

Yanzu ga farin zanen wurin tsallakawa ana shatawa da fenti a ƙofar Auta.

Daga kujerar Dogo ba a hango kantin Auta, titin ya ɗan karkata. Amma ba abin da ke shiga kantin da Dogo bai sani ba. Ya san ranar da aka kawo firiji mai ƙofa biyu. Ya san wace mai goyo ce ta bar sayen sabulu a wurinsa ta koma can. Ya kuma san injiniyar aikin, wata doguwa mai hular kwano, ta taɓa zama a bencin Auta ta sha lemo mai sanyi.

Lemon nan ne ya tsaya masa a wuya. A ransa magana ta ƙare: an yi ciniki.

Matarsa kuwa ba ta yarda da take-takensa ba. Ita ke riƙe kanti duk sa'ar da ya fita, kuma yana yawan fita.

"Maigida, kullum sai ka sungumi lemar nan ka bar ni da masu saye. Ina kake zuwa ne?"

"Miƙe ƙafa."

"Miƙe ƙafar da ake dawowa da warin hayaƙi a riga? Ka dai bi lemar a hankali, na gaji da faci. Ƙyallen rawayar ma ya ƙare."

Ya sungumi lemarsa ya fita. Dogo ba ya ɓata baki.

Aiki ya yi ta tafiya. Aka zuba daɓe tun daga bayan gidajen har bakin farin zanen. Aka kafa danja. Aka ɗora rufin rumfa, inuwarta na taɓa ƙofar Auta. Tun ba a buɗe ba mutanen gidajen suka fara bin sabuwar hanya. Burodin Dogo ya soma kwana. Fitarsa ta ƙaru, cin abincinsa ya ragu.

Ranar buɗewa Auta ya aiko a ce Yaya ya zo, an ajiye masa kujera a gaba. Dogo ya ce zai zo, amma ba zama zai kai shi ba. Ya saƙala lema a hammata, matarsa ta kulle kanti ta biyo shi, don ta san fuskar nan.

An cika. Akwai wani allo a jikin rumfar, an lulluɓe shi da ƙyalle. Injiniya na cikin godiya Dogo ya ratsa mutane ya tsaya gabanta.

"'Yata, tambaya gare ni. Ƙofar gidaje tana can. Wa ya ce a kawo rumfa nan? Me aka ba ki?"

Auta ya miƙe, ya ce, "Haba Yaya," Dogo ya ɗaga masa hannu, Auta ya koma ya zauna.

Injiniyar ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Baba, da fari ƙofar gidajen muka zaɓa. Amma mu ba ma yanke magana sai mun sa mutane sun zauna sun ga inda jama'a ke shan wuya. To akwai wani dattijo. Safe da rana zai zo ya tsaya a dakalin can, motoci na wucewa gaba da baya. Ya yi ta miƙa wuya yana kallon wannan gefen, ya kasa tsallakowa, ya juya ya koma. Kullum haka. Hotonsa muka aika wa masu tallafi, shi ya ciwo mana kuɗin, su kuma suka ce lallai a nan za a yi. Ta baya aka ɗauke shi, har yau ba mu san ko wane ne ba. Allah dai ya saka masa."

Ta yaye ƙyallen, sai ga hoton a jikin allon. Jama'a suka ɗau tafi.

Matar Dogo ta daɗe tana kallon baƙar lemar da ke cikin hoton, da facin rawayar da ta ɗinka da hannunta, sannan ta sunkuyo kusa da kunnensa ta ce, "Maigida, ashe nan kake miƙe ƙafar."