Ajin da Makinsa Ke Gangara

Janareto ya ɗauka a ja na uku, majigin ya haska bango, Farfesa Ɗayyabu Isyaku ya gyara zaman hularsa ya harɗe hannuwa. Shi ya nemi a yi wannan zama. Tun farkon zango yake matsa wa shugabar kwalejin, Dakta Bilkisu, a kan a auna aikin malamai, don a san wa ke koyarwa, wa ke cin albashin banza.

Kwalejin ta kuɗi ce, ƙarama, a bakin hanyar Dagumawa. Darasin ƙididdiga na 'yan shekarar farko an raba shi aji uku, malamai uku, amma jarrabawa ɗaya suka rubuta, kuma a tebur ɗaya aka duba ta. Farfesa na da aji guda. Da ya yi ritaya daga jami'a aka roƙo shi ya zo, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Malam Sabo na da ɗaya. Na ukun na Malama Saratu Dauda ne, wata 'yar Zuru da ko shekara biyu ba ta yi da fara aiki ba.

Ita ce ta tsone masa ido. Ranar Juma'a sai ta kwashi ɗalibai ta kai su kara, kasuwar shanu, su auna ƙirjin bajimai da igiya, su tambayi farashi, su dawo da kashin shanu a takalma suna ɗiga alƙaluma a takarda. Farfesa na kiran abin lissafin dillalai. Shi kam a ajinsa da ya shiga ake rufe ƙofa, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi fashi sau biyu ya san sauran. Da bayanan da ya yaye manyan ƙasar nan da su yake karantarwa, ko waƙafi bai sauya ba.

Malam Garzali na ofishin jarrabawa ya miƙe ya yi bayani. Kowane aji da zanensa, kowane ɗigo ɗalibi ne guda. Layin kwance yawan zuwansa aji, layin tsaye makin da ya ci. An ɓoye sunayen malamai don kada a yi son kai.

Zane na farko ya fito, ɗige-ɗigen suna hawa daga hagu zuwa dama: mai zuwa aji shi ke cin maki. Na biyu ma haka, har ya fi miƙewa. Farfesa ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, kamar mai duba fuskarsa a madubi.

Na uku ya fito. Ɗige-ɗigen sun yi cincirindo can gefen dama, a ƙasa. 'Yan tsirarun da ke hagu, masu fashi, su ne a sama. Iya zuwanka aji, iya faɗuwarka.

Farfesa ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya tashi, ya karɓi sandar nuni daga hannun Garzali ba tare da ya dube shi ba.

"Ku ga bayin Allah," ya ce, yana zagaye cincirindon da bakin sanda. "Kullum suna nan, ba fashi, iyayensu na sayar da hatsi a Achika da Indabo su biya, su kuwa ana ɗura musu shirme. Wanda ya kwanta a ɗaki ya fi wanda ya zo. Wannan ba malami ba ne, annoba ce."

Saratu ta ɗaga hannu a hankali. Tun da zanen ya fito ba ta ɗago kai ba.

"Ranka ya daɗe, a yi hattara. Zanen ya nuna alaƙa ce kawai, bai faɗi dalili ba. Wataƙila masu rauni ne suka fi zuwa. A ba mai ajin wani zangon mana."

Ya juyo ya ƙare mata kallo daga ɗankwali har takalmi. Ga shi nan, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Malam Sabo ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

"Malama, ina koyar da bambancin alaƙa da dalili tun ba a haife ki ba."

Ya dubi shugaba ya gabatar da buƙatarsa: kafin a faɗi suna, a yanke hukunci, don kada tausayi ya shigo daga baya. Duk mai wannan aji a raba shi da alli daga yau, kuma kada a sabunta masa kwantiragi. Dakta Bilkisu ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ta sake tambaya, ya ce shi ba ya magana biyu. Aka ɗaga hannu, nasa ya riga na kowa. Na Saratu kaɗai ya tsaya a kan cinyarta.

Ya koma kujerarsa ya baza babbar riga, ransa fes. Sai kuma ya ga ya kamata ya nuna dattako.

"Yaran kuwa ba laifinsu. A turo mini su zango mai zuwa, ni zan gyara ɓarnar da aka yi musu."

Dakta Bilkisu ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Farfesa," ta ce, "ai a wurinka suke."